Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi na Kamaru

Ranka ya daɗe, gaisuwa daga Garwa, Allah ya taya riƙo.

Kan masu digirin digirgir a fannin tarihi na ɗauki alƙalami. Ka fi ni sanin cewa tun gyaran jami'o'i na 1993 aka soke tallafin ɗalibai, aka ɗora musu sefa 50,000 a shekara. An jure. An buɗe jami'a a Ngaundere, aka yi ta Marwa a 2008, ta Garwa a 2022, mun tafa. To amma yaron da aka ce ya rubuta kundi kan yadda Jamusawa suka ci Garwa a 1901, suka ci Marwa a 1902, da wace ƙafa zai je inda takardun suke? Na Jamus suna Balin, na Faransa suna Aix-en-Provence. Mai binciken ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta kai Mubi da Bama cikin Najeriya, dole ya leƙa Kaduna. Bar ta turai, ko kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde da na masauki na wata guda, sai uwa ta sayar da akuya.

Sakamakon kuwa a fili yake. Ɗalibi ya zauna a ɗaki yana juya kundin wanda ya riga shi, ya sauya sunan gari, ya kare, a kira shi dokta. Ba lalaci ba ne, aljihu ne.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsofaffi. Takarda tana iya jira, dattijo ba ya jira. Waɗanda suka ga mulkin Ahmadu Ahijo daga farkonsa, da waɗanda suka san abin da ya biyo bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu 1984 a gidajen arewa, kullum sai an kai wani makwanci. Masanin tarihi marigayi Eldridge Mohammadou ya bi fadojin lamidai yana ɗaukar bakin dattawa, Rai Buba, Tibati, Garwa, kuma da aikinsa ake cin abinci har gobe. Wa kuka tanada ya gaje shi? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

An yi mana shelar raba wa ɗalibai kwamfuta 500,000 a 2016. Madalla, sai dai kwamfuta ba ta hawa babur ta je Mora ta yi hira da tsohuwa. Ko yaƙin da Faransa ta yi da 'yan neman 'yancin kai a ƙasar nan, sai da Macron ya zo Yawunde a 2022 aka kafa kwamitin masana, aka miƙa rahoto a 2025. Mu ma sai mu jira baƙo ya tuna da mu?

Don Allah, ranka ya daɗe, a ware asusun tafiyar bincike, a riƙa biyan ɗalibi kai tsaye bayan an amince da batunsa. A nemi kwafin takardun Aix da Balin a ajiye a jami'o'in arewa. Maganar ƙarancin malamai masu duba kundi, da rubuce-rubucen ajami da gara ke ci a zaurukan malamai, sai wani jiƙon.

Wani malamin tarihi, Garwa