Godiya ga Ofishin Kula da Ɗaliban Ƙasashen Waje na Jami'ar Ghana, Legon

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugaba da dukkan ma'aikatan wannan ofishi, manya da ƙanana.

Ni uwa ce, haifaffiyar Nima a birnin Accra, amma yau shekara 24 ina zaune a Bronx, cikin New York. A can na haifi 'yata, a can ta yi wayo, fasfonta na Amurka ne, Hausarta kuwa ta tsaya a "sannu" da "na ƙoshi". Ranar da ta ce mini jami'arsu ta amince ta je Legon ta yi zango ɗaya na karatu, na yi murna a gabanta, amma daren nan ban rintsa ba. Ƙasata ce, na san daɗinta, na kuma san yadda take wujijjiga baƙo. Mahaifiyata ta tsufa, 'yan'uwana kowa na fama da nasa, ba wanda zan ɗora wa nauyin zirga-zirgar takardu. Ku kuka ɗauki wannan nauyi, shi ya sa na ga bai kamata in yi godiyar a ɓoye ba.

Tun kafin ta tashi kun aiko mata da bayanin abin da za ta riƙo, har da katin allurar shawara wanda ake tambaya a filin jirgi. Ta sauka bayan tafiyar fiye da awa 10, a gajiye, ga hazon hunturu, sai aka wayi gari akwatinta ɗaya bai iso ba. A ciki maganinta yake da tsarabar kakarta. Ta kira ni tana kuka, ni kuwa ina nan bayan teku, ba abin da zan iya sai addu'a. Wata ma'aikaciyarku ce ta zauna da ita, suka cike takardar cigiya, ta riƙa bin maganar da waya har kayan suka fito bayan kwana uku. Baiwar Allah nan ban san fuskarta ba, amma tana cikin addu'ata.

Sauran hidimar takardu, wato rajista, izinin zama, katin shaidar baƙi da layin waya, duk kun bi da ita daki-daki, ba ta taɓa zuwa ofishi aka ce mata ta dawo gobe ba tare da an faɗa mata dalili ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku killace ta ba. Na ga yaran Amurka da suke zuwa Afirka su koma ba su san komai ba sai tagar motar da ke yawo da su. Ku kuwa a makon farko kuka haɗa su da ɗaliban gida, aka fita da su bakin titi a Okponglo, aka koya musu tsayar da trotro, wato ƙaramar motar haya, yadda ake sauraron yaron mota yana kiran Madina ko Circle, da yadda ake miƙa kuɗi da hannun dama. Wannan na ƙarshe na yi shekaru ina faɗa mata a gida ba ta ji ba, sai da ta ga idon wata mai tuyar ƙosai. Kafin wata ya ƙare ta iya ciniki a kasuwar Madina, tana biya da MoMo, wato kuɗin waya, tana karya kumallo da koko da ƙosai, da dare kuma ta gangara kasuwar dare da ke kusa da masaukinsu ta sayi waakye, wato shinkafa da wake. Ranar da ta gane cewa sunan waakye daga "wake" namu ya fito, da kuma tuwon zafi da duk Accra ke ci da sunansa na Hausa, sai ta kira ni tana cewa, "Umma, ashe harshenmu yana cikin bakin kowa a nan!" Daga ranar ta daina jin kunyar gurguwar Hausarta.

A wata na biyu zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ita. Jikin da bai taɓa sanin wannan ciwo ba, ya ji jiki ƙwarai. Abokiyar ɗakinta ta sanar da ku, aka kai ta asibitin jami'a a daren, aka gwada jini, aka fara magani. Ku kuka kira ni da kanku, kuka faɗa mini gaskiyar halin da take ciki, ba ku rage ba, ba ku kuma firgita ni ba. Kun sanar da malamanta, aka ɗaga mata ranar miƙa aiki. Duk uwar da ɗanta ya taɓa kwantawa ciwo a nesa ta san darajar wannan kiran waya.

Tafiyar da kuka shirya musu zuwa Cape Coast da Elmina ta girgiza ta. Ta tsaya cikin kurkukun ƙasa na ginin da Turawan Fotugal suka kafa a Elmina a 1482, tare da abokanta baƙaƙen Amurka waɗanda ta ƙofar irin wannan gini aka fitar da kakanninsu a matsayin bayi. Ta ce mini a nan ta fara fahimtar bambancin da ke tsakaninta da su, ita da ta san sunan unguwar kakarta, su kuwa an yanke musu wannan igiya. Ban taɓa jin ta yi magana da nauyi haka ba. Gandun dajin Kakum da gadar igiyarsa ta saman bishiyoyi kuwa, hoto kawai na gani na rufe ido.

Azumi ya same ta a can. Da ta nemi ta riƙa kwana a Nima ƙarshen mako, ba ku hana ba, kun dai karɓi adireshi da lambar kawunta. Ta sha ruwa a tsakar gidan da aka haife ni, ta yi sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, ranar Sallah kuma ta bi gwaggonninta filin Independence inda ta hango Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu. Mahaifiyata, da a da sai an yi musu tafinta a waya, ta zauna da jikarta suna hira baki da baki. Ta ce mini, "Kin aiko mini da Baturiya, na mayar miki da Bahaushiya."

Makinta ya iso jami'arsu a kan lokaci, an lissafa mata duk darussan da ta ɗauka. Ta dawo da littafi cike da kalmomin da ta rubuta a bakin kakarta, kuma yanzu ita ke gyara wa ƙaninta gaisuwa.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare muku naku 'ya'yan duk inda suka shiga. Ƙanin nata yana aji biyu a jami'a, kuma ya riga ya karɓi takardar neman zuwa wurinku.

Wassalam,
Mahaifiyar ɗalibarku, daga Bronx, New York.