Wasiƙa zuwa ga Mamana a Kongo, inda ake karatun lauya a jami'ar Zariya

Assalamu alaikum, Mamana.

Ya karatu, ya sanyin Zariya? Mu nan kowa lafiya lau. Innarki ta ba ni labarin hirarku a waya, wai dokar laifuka kaɗai ke shiga ranki, ta filaye kuwa barci take sa ki. Na yi dariya, sannan na jawo biro.

Ban ga laifinki ba, shari'ar kisa da fashi ta fi daɗin sauraro a aji. Ki riƙe ta da kyau, amma ki san asalinta. Kundin hukunta laifuka namu na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, daga na Sudan aka kwaikwayo shi, shi ma na Sudan daga na Indiya na 1860. 'Yan Kudu nasu daban ne, ga kuma dokokin Shari'a da Zamfara ta fara a 2000. Lauyan da ya cakuɗa su a gaban alƙali sai ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige.

Dokar yarjejeniya ba baƙuwarki ba ce. Kin sha bin Innarki kasuwa: ta taya, a ce albarka, ta ƙara, a sallama. Tayi da karɓa ke nan, ijabi da ƙabulin da kika karanta a Islamiyya. Abin da dokar Ingila ta ƙara shi ne dole kowane ɓangare ya ba da wani abu, don haka alƙawarin kyauta na fatar baki kotu ba ta tilasta cika shi.

To, sai maganar ƙasa. Duk zaman da na yi a kujerar rajistaran kotu, ban ga abin da ya zubar da hawaye kamarta ba. Har yau ina ganin wata tsohuwa da ta kwance bakin zaninta ta ciro takardar cinikin fili a ƙulle cikin leda. Mai unguwa ya sa hannu, shaidu uku sun dangwala, takardar duk ta ci ninki har ta fara yagewa. Ashe fili ɗaya mutum biyu aka sayar wa, ɗayan ya riga ta, har ya samo takardar shaidar mallaka daga gwamna. Baiwar Allah ba ta san cewa tun 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna ba. Abin da mutum ke samu haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ko jingina sai da amincewar gwamna, in ji sashe na 22. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina sukutum a shari'ar Savannah Bank da Ajilo saboda rashin wannan amincewa. Ita ma takardar gwamnan ba kullum take yin nasara ba, ki tambayi malaminku ya warware miki. Tsohuwar nan dai da ledarta ta koma gida.

Dokar amana ma kada ki raina ta don kin ji ta da tarihin Ingila. Mu ma muna da waƙafi, muna da dukiyar marayu. Wanda aka ba riƙo ba ya haɗa kuɗin amana da nasa, ba ya saye wa kansa abin da aka damƙa masa. Kin san gidan da nake nufi a danginmu, ba sai na kama suna ba.

In kin tashi zuwa hutu ki taho da kwafin dokar filayen nan. Gwaggonki tana son sayen fili a bayan gari, na ce kada ta ba da ko sisi sai kin duba takardun. Na tura miki kuɗin littattafai jiya, ki sanar da ni in sun shigo. Ƙannenki suna gaishe ki.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki