Na ci amanar marayu bayan na karɓi Yesu, ina matsayin cetona?

Zuwa ga Baba Rabaran, mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama da yara da abokan aikinka na gidan rediyo. Ina roƙo kada a nemi sunana ko na majami'armu, domin abin da zan faɗa ko matata ba ta san shi ba.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a yankin Saminaka, shekaruna 54. A gidan masu bi aka haife ni. Har yau ina riƙe da Littafi Mai Tsarki na babanmu, tsohuwar fassarar nan da aka fara bugawa a 1932, wadda take cewa Yohanna a inda ta bayanta take cewa Yahaya. Amma ban ba da raina ga Yesu ba sai a 1998, lokacin da 'yan Sabon Rai suka zo wa'azi ƙauyenmu. Na fita gaba da hawaye, na shiga ajin baftisma, aka yi mini baftisma a rafi. Na bar giya tun daga ranar. Ban taɓa shakkar cewa abin da ya same ni a daren nan gaskiya ne ba.

A 2012 yayana ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Kafin ya kwanta ya ajiye buhu 40 na masara a shagona, yana jiran damina farashi ya tashi. Babu takarda, babu shaida, tsakanina da shi ne kawai. Bayan an share makoki matarsa ta zo ta durƙusa ta ce, "Baban yara, ya ce mini yana da masara a wurinka." Na ce mata buhu 15 ne. Baba, ban yi tuntuɓen harshe ba, na kwana ina shirya wannan amsa. Sauran 25 na sayar a watan Yuli, su ne suka zama jarina. Yara huɗu ya bari. Babbar ta bar makaranta a aji uku na sakandare saboda kuɗi, aka yi mata aure. Uwarsu ta rasu a 2021 tana sa mini albarka, domin duk Kirsimeti nakan aika musu da shinkafa da atamfa.

Yanzu ni dattijon ikilisiya ne. Da hannun nan nake miƙa wa mutane gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji. Na daɗe ina lallashin kaina cewa na roƙi gafara a ɗakina, magana ta ƙare. Sai watan jiya autan yayana ya zo neman rancen kuɗin makaranta. Na ba shi, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, ba don kai ba da mun lalace." Rance na ba shi daga cikin gādonsa, shi kuma yana godiya. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, na gane ban san ma'anar kalmar da na fi shekara ashirin ina faɗa ba. Mene ne ceto? Na tambayi mutane uku, ina kawo labarin kamar na wani ne.

Wani fasto ya buɗe mini Afisawa 2:8-9, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ladan aiki ba. Ya ƙara da Yahaya 10:28, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Ya ce mutumin ya furta zunubinsa ga Allah bisa ga 1 Yahaya 1:9, ya daina tuhumar jinin Yesu. Na ji sanyi, amma sanyin bai kai gida ba, domin ai furtawar na yi ta tun tuni, masarar kuma tana nan a hannuna.

Wani mai bishara kuma ya ce sam. Ya kawo Yakubu sura 2, cewa bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce, da Matiyu 7:21, cewa ba duk mai cewa "Ubangiji, Ubangiji" zai shiga Mulkin Sama ba. Ya ce wanda ya riƙe haƙƙin maraya shekara da shekaru bai taɓa samun ceto ba tun farko, hannu kawai ya ɗaga. Wannan ta sare mini gwiwa. In haka ne, me ya raba ni da giya a 1998? Hawayen nan na ƙarya ne?

Na ukun maƙwabcina ne ɗan Katolika. Shi ya ce a wurinsu mutum yakan je gaban Fada ya furta, a yi masa gafara, amma gafarar ba ta ɗauke masa nauyin mayar da abin da ya ƙwace. Ɗana da ke makarantar Littafi Mai Tsarki ya taɓa gaya mini cewa gardamar alheri da ayyuka tsohuwa ce, tana cikin abin da ya raba Martin Luther da Roma tun daga 1517 a Jamus. Ya ce malamansu suna koya musu cewa ceto yana da fuska uku: barata, wato Allah ya karɓe ka a matsayin mai adalci saboda Almasihu, sai tsarkakewa da ke tafiya muddin rai, sai ɗaukaka a ƙarshe. Bayanin ya shiga kaina. Inda na tsaya shi ne, idan tsarkakewar ta cije wuri guda shekara goma sha wani abu, baratar tana nan kuwa?

Na koma Littafin da kaina. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23 bai mayar wa kowa da ko anini ba, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Sai dai shi hannuwansa a kafe suke, nawa a sake. Labarin Zakka a Luka 19 ya fi kama ni. Yesu ne ya fara kiransa daga kan itace, ya shiga gidansa tun bai gyara kome ba. Daga baya Zakka ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu, sannan Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Shin mayarwar ce ta kawo ceton, ko ceton ne ya buɗe masa hannu? Zuciyata ta fi karkata ga na biyun, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin nawa hannun bai buɗe ba. Su biyun kuma kafin su sadu da Yesu suka yi laifinsu. Ni bayan na san shi na yi nawa, shi ya sa in na karanta Ibraniyawa 10:26 game da mai yin zunubi da gangan bayan ya san gaskiya, jikina yakan yi sanyi. Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa sau uku aka kuma komo da shi, shi kaɗai ne ɗan igiyar da nake riƙe da ita.

Baba, ga abin da nake so ka taimake ni da shi. Mutumin da ya karɓi Yesu da gaske, ya kuma yi irin abin da na yi, cetonsa ya zube ne, ko zumuncinsa da Allah ne ya yanke? Idan na mayar da haƙƙin yaran nan saboda tsoron wuta, ba na zama mai ƙoƙarin sayen ceto da masara ba?

Sannan nawa zan mayar? Littafin Firistoci sura 6 ya yi magana a kan wanda ya ci amanar ajiya, ya ce ya biya duka ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wannan buhu 30 ke nan, zan iya da kakar bana. In kuwa irin na Zakka ne, buhu 100, sai na sayar da gona. Karatun yarinyar nan da ya salwanta kuma, da wane mudu zan auna shi? Na yi tunanin in ba su a matsayin kyauta ba tare da na faɗi gaskiya ba, amma na san godiya za su sake yi mini, ita ce kuma ba na iya ɗauka. In na faɗa, sai an kai ni gaban dattawa an sa ni a horo, matata da ke shugabancin zumuntar mata za ta sha kunya, yaran kuma wataƙila su tsane ni har abada. Wa zan fara gaya wa, ita, ko su, ko fastonmu?

Ranar Lahadi ta farkon wata mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, sunana yana cikin masu rabawa. Matiyu 5:23-24 ya ce in bar baikona a gaban bagade in je in shirya da ɗan'uwana tukuna, ɗan'uwan nawa kuwa yana kabari. Don Allah ka amsa mini kafin ranar, in san ko zan tashi in ɗauki faranti, ko in zauna a kujerata.

Ɗanka cikin Ubangiji,
Wani mai sauraro daga yankin Saminaka