Ba nauyi ne ya raba sinadaran ƙasa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a bayanin yadda duniya ta samu, wai sinadarai masu nauyi sun nutse tsakiya, marasa nauyi suka taso sama. A gwada yuraniyom da zinariya. Nauyinsu kusan ɗaya ne, kowanne ya ninka na ruwa sau 19, amma yawancin zinariya ta bi ƙarfe zuwa cibiyar duniya, wadda ke farawa daga zurfin kilomita 2,900 a ƙarƙashin doron ƙasa, yuraniyom kuwa ya taru a ɓawon ƙasa. Abin da ya raba su shi ne abokin da kowanne ke so.

Victor Goldschmidt, masani ɗan ƙasar Nowe, shi ya tsara wannan rabo a shekarun 1920, bayan ya nazarci duwatsun da ke faɗowa daga sama da tukunyar narka tagulla. A cikin tukunyar, narkakken ya kasu uku: kashin maƙera a sama, haɗin farar wuta a tsakiya, ƙarfe a ƙasa. Da wannan ya kwatanta rabuwar sinadarai a duniya. Masoya oksijin, litofil ke nan, irin su silikon, alminiyom, sodiyom da yuraniyom, su ne kashin. Calkofil masoya farar wuta ne: tagulla, dalma, tutiya, azurfa, zaiba. Sidarofil kuma suna narkewa cikin ƙarfe, kamar nikel, kobal, filatinom, iridiyom da zinariya. Na huɗu, atmofil, su ne naitirojin da hiliyom da danginsu na iska.

Ga mai haƙar ma'adinai, calkofil ne abin lura. Dutsen dalma yakan ɓoye azurfa, dutsen tutiya yakan ɗauke kadmiyom, asenik ma yana nan kusa. Idan aka jibge tarkacen irin wannan dutse a fili, iska da ruwa sai su mai da farar wutar asid, shi kuma ya kwashe gubar dalma da kadmiyom da asenik ya kai rafi. Shi ya sa ake gwada yawan farar wuta tun kafin a fara tono, a rufe tarkacen ko a gauraya shi da farar ƙasa.

Sai dai kada ɗalibai su haddace jerin kamar doka. Ƙarfe kansa yana shiga gida uku daga cikin huɗun nan, kuma kuromiyom, da aka sani da son oksijin, yakan koma ga farar wuta inda oksijin ya yi ƙaranci, kamar yadda aka gani a wasu duwatsun sama.

Wassalam,
Wani malamin kimiyyar ƙasa