Tattalin kakanni: wanne za mu riƙe, wanne za mu ajiye?

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Allah ya ƙara basira.

Na tsinci kaina tsakanin tsohuwa da yara, shi ya sa na rubuto. A gidanmu mun koma wa irin tattalin da kakanni suka rayu a kai: sayen hatsi da kaka a adana, shanya kayan miya, haɗa sabulu da facin tufa. Yara na kiran abin rowa. Kakarsu kuwa, wato surukata, ta yi murna, sai dai ba ta yarda a sauya ko ɗaya daga yadda ta gada. Bari in zayyana miki aikin, don ki ga inda muke sarƙewa.

Ajiyar hatsi gaba ɗayanta magana ce ta danshi. Masara ba ta shiga buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa, gyaɗa kuma wajen kashi 7. Tsofaffi da haƙori suke gwadawa, idan ƙwayar ta fashe ƙas to ta bushe. Gwajin gishiri ya fi wannan tabbas: a zuba hatsin ya kai sulusin busasshiyar kwalba, a ƙara cokali 2 na busasshen gishiri, a girgiza, a bari minti 15, a sake girgizawa. Muddin gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin ya koma shanya. Wake kuwa ana gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka, mudu ɗaya na toka ga mudu ɗaya na wake, saboda toka na cike gurabun da ƙwaro ke bi. Ko a cika jarka maƙil a toshe ta ruf, ƙwarin su cinye iskar da ta rage su mutu. Mai buɗe jarkar kowane mako don ɗiba ya rushe dabarar, shi ya sa ƙananan jarkoki da yawa suka fi babba ɗaya.

Rigimar tana farawa ne ranar da aka ga fumfuna. Iya, wato surukar tawa, cewa take a kankare, a wanke, a sake shanyawa, ai wuta za ta kashe komai. Ba ta kashewa. Wata fumfunar masara da gyaɗa na haifar da gubar afalatoksin, wadda dahuwar gida ba ta lalata ta, kuma tana taruwa ta jawo cutar dajin hanta. An gano ta ne bayan mutuwar talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960, sannan a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara. Ba wa kaji ko shanu ma ba mafita ba ce, don tana iya ɓullowa a madara. Amma a wurin wadda ta ga shekarun yunwa da idonta, zubar da hatsi saɓo ne, kuma ban ga laifinta ba.

Shanya ba ta da gardama sosai. A yanka tumatir kaurin rabin santimita, a baza a kan raga sama da ƙasa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, a shigar da shi kafin raɓa. Kilo 10 na ɗanye ba ya ba da kilo 1 cikakke. Bayan ya bushe a zuba a kwalba a sa ido mako guda. In gumi ya fito a jikin gilashi, da sauransa. Abin da na hana shi ne dafa ganye ko nama a ɗura a kwalba a toshe a ajiye wata da watanni. Tafasar ruwa ba ta wuce digiri 100, ƙwayoyin da ke haddasa gubar botulizim kuwa suna tsira a wannan zafin, kuma abincin da ba shi da tsami a wurin da babu iska shi ne gidansu. Sau da yawa ko wari ba ya yi.

Sai sabulu. Man suya da ya yi baƙi, yake kumfa ko saurin hayaƙi, ya gama aikinsa a tukunya, amma idan aka tace yana yin sabulun wanki mai kyau. Kilo 1 na mai yana cin soda (mai ƙuna ta haɗa sabulu, wato caustic soda, ba ta girki ba) giram 135 zuwa 140 da ruwa wajen giram 350. Man kwakwa ya fi ci, yana haura giram 180. Sodar ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, don yana iya tartsatsi ya ƙona fuska. A sa safar hannu, a guji tukunyar alminiyam saboda soda na cin ta. A juya har ya yi kauri, a zuba a mazubi, a yanka bayan kwana 2, a bar shi mako 4 zuwa 6 kafin a taɓa. Iya ta fi son ruwan toka, tana gwada ƙarfinsa da ƙwai: in ya taso ya leƙo kaɗan, ya yi. Sabulun toka laushi yake yi, wannan ba aibi ba ne. Matsalar ita ce ƙarfin toka yana bambanta daga ice zuwa ice, yau sabulu ya ci hannu, gobe ya fito da maiƙo ya yi ɗoyi. Da na kawo sikeli sai ta ce an raina idonta.

Yara kuma faci ne ba sa so, alhali mai kyau ba ya nuna kansa. A yanko ƙyallen daga tsohon yadi da ya sha wanki, mai nauyi ɗaya da rigar, ya zarce ramin da santimita 2 ta kowane gefe, zarensa ya bi zaren rigar, a ɗinka ta ciki. Sabon yadi a kan tsoho yana tsukewa a wanki ya yaga gefen. Zanin gado da ya sirance a tsakiya ana raba shi biyu a haɗa gefe da gefe, ya ƙara shekaru. Duk da haka babbar 'yata ta ce kunya take ji idan ƙawayenta suka gani.

To Hajiya, na san da tsohuwar zuma ake magani, ba na kuma son Iya ta ji kamar an ture ta gefe a gidan ɗanta. Ta yaya zan zubar da hatsi mai fumfuna a gabanta ba tare da na ɓata mata rai ba? In bi ta hannun maigida ne, ko hakan zai zama kamar na kai ƙararta? Su kuma yaran, in tilasta musu su koyi allura da zare, ko in ba su kuɗin da facin ya rage mana su gani a hannunsu?

Na gode.

Taki, mai sauraron shirinki a kullum.