Zuwa ga duk masu amfani da manhajarmu: maganar sabunta ɗan aike

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, iyayen gidanmu, da 'yan'uwa masu zama a kan kwamfuta a shaguna da kyamis-kyamis da sito. Fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya haƙuri da mu. Allah ya ƙara buɗi.

Wasiƙar nan ta ɗan yi tsawo, don Allah a daure a karanta har ƙarshe, in Alhaji ba shi da lokaci a miƙa wa yaron da ke kula da kwamfutar ya karanta ya yi masa bayani, saboda magana ce da ta shafi lissafin kuɗinku da kayanku.

Kun san ɗan koren alamar nan da ke zaune a ƙasan allo kusa da agogo, wanda da yawanku ke kira ɗan aike? To a kansa za mu yi magana. Duk cinikin da aka buga a shago, da kayan da aka shigar, da bashin da aka rubuta, a cikin kwamfutar shagon yake fara zama, cikin rumbun bayanai da muka girka muku. Ɗan aike shi ne yake kwasar duk abin da ya canza ya jera shi a layi, da zarar ya samu netwok sai ya tura sama zuwa kilawud, wato manyan kwamfutocin da muke haya a wani gini mai tsaro da wuta ba ta yankewa. Shi ya sa Alhaji yana Legas ko yana Makka zai buɗe waya ya ga an sayar da katan nawa a Kwari, an karɓi nawa a reshen Sabon Gari. Kuma shi ya sa in netwok ya ɗauke ciniki ba ya tsayawa. Wasunku za su tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, tiransifa ta ƙi tafiya, amma ku kuna ta buga rasit ɗinku, da sabis ya dawo ɗan aike ya kwashe komai ya tura. Haka ma watan Oktoba na 2024 da Arewa ta yi kwanaki babu wuta, waɗanda ke da sola ko inji sun ci gaba da aiki, saura kuma da suka kunna sun tarar da lissafinsu yana nan.

To yanzu tsohon ɗan aiken ya kai ƙarshen aikinsa, dole a canza shi. Ba don muna son sayar muku da sabon abu ba ne, sabuntawar kyauta ce ga duk wanda kuɗin shekararsa ke tafiya. Dalilin shi ne yadda yake kulle bayanai kafin ya tura su ya tsufa. Akwai tsarin kulle saƙo a intanet da ake kira TLS, tsohon ɗan aikenmu yana amfani da siga ta 1.0 da 1.1, su kuwa waɗannan tun shekarar 2020 Chrome da Firefox, manhajojin shiga intanet, suka daina karɓarsu, a watan Maris 2021 kuma IETF, masu tsara ƙa'idojin intanet, suka ce a daina amfani da su gaba ɗaya. Manyan kamfanonin kilawud ɗaya bayan ɗaya suna rufe wannan ƙofar, sai 1.2 zuwa sama. Ranar da aka rufe tamu, tsohon ɗan aike zai je ya ƙwanƙwasa a ƙi buɗe masa, kuma abin da ya fi damunmu shi ne a shago ba za a ga alamar komai ba, rasit zai ci gaba da fita, firinta na aiki, amma abin da mai shago ke gani a waya zai tsaya cak a kan lissafin jiya ko na shekaranjiya, shi kuma yana can yana yanke shawarar saro kaya a kan tsohon lissafi. Wannan ne ba ma so ya faru da kowa.

Kafin mu ci gaba akwai abin da ya kamata mu faɗa da bakinmu. A sabuntawar da muka yi ta baya mun yi kuskure a wasu shaguna, kuma laifinmu ne. Mun cire tsohon mun saka sabo alhali akwai ciniki a layi da bai gama tafiya ba, da sabon ya tashi sai ya sake tura wasu rasit da an riga an tura, ciniki ɗaya ya fito sau biyu. A wani kyamis har mai wurin ya fara zargin yarinyar da ke kan kanta, saboda kuɗin da ke cikin durowa bai kai abin da wayarsa ke nuna masa ba. Da muka je muka zauna muna bin rasit ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye gefe ta riƙe littafin da take rubuta ciniki da hannu, idonta ya yi ja, ba ta ce komai ba har muka gano inda matsalar take. Littafin nan nata shi ya wanke ta, shi ya nuna mana kuskurenmu. Mun ba ta haƙuri mun ba mai kyamis haƙuri, kuma wallahi har yau abin yana ranmu. Saboda haka a sabon ɗan aike kowane rasit yana da lamba tasa ta daban da ba ta maimaituwa, ko an tura shi sau goma sau ɗaya za a ƙirga. Kuma mun kafa wa kanmu doka, ba ma cire ɗan aike a kwamfutar kowa sai layi ya koma sifili a gaban idon mai wurin ko wakilinsa.

Ga yadda aikin zai kasance. Za mu kira ku mu sa rana, mun fi son bayan an tashi daga kasuwa ko da sassafe kafin a buɗe, ko ranar Lahadi ga masu rufewa. Da mun zo, ko mun shiga daga ofis da izininku, farko sai mun ɗauki cikakken kwafin rumbun bayananku mun ajiye a wuri biyu, ɗaya a filash ɗinku ɗaya a wurinmu, sannan mu buɗe kwafin mu gwada mu ga ya tashi, domin kwafin da ba a gwada ba ba a san ko yana aiki ba sai ranar da ake nemansa ido rufe. Daga nan mu jira layi ya ƙare, mu tsayar da tsohon, mu girka sabon, mu buga ciniki ɗaya na gwaji mu ga ya fito a wayarku, mu soke shi. In komai lafiya yake bai fi awa ɗaya zuwa biyu ba. In netwok ɗin unguwarku mai wahala ne ko bayananku na da yawa zai iya fin haka, kar a ga mun daɗe a ɗauka wani abu ya lalace.

Abin da ya sa muke nacewa a kan kwafin nan, yawancinku rumbunku a kan SQL Server Express yake, wato manhajar Microsoft mai riƙe rumbun bayanai, wasu tun na 2012 wasu na 2014. Microsoft ta daina kula da na 2012 a watan Yuli 2022, na 2014 kuma a Yuli 2024, babu sauran gyaran tsaro da ke zuwa musu. Za mu ɗaga su zuwa sabo, amma hanyar nan tafiya ce babu dawowa, rumbun da aka buɗe da sabuwar siga ba ya sake buɗuwa da tsohuwa, in wani abu ya faru a tsakiya kwafin farko ne kaɗai zai mai da mu inda muka taso. Sannan waɗannan Express ɗin da kuke kai, kowane rumbu gigabayit 10 ne iyakarsa, akwai manyan dilolin da muka ga sun kusa cika shi saboda shekara da shekaru ba a taɓa kwashe tsohon ciniki ba, ranar da ya cika kuwa ba zai karɓi ko rasit ɗaya ba. Irin waɗannan za mu yi magana da su daban, mu kwashe na shekarun baya zuwa ma'ajiya, ba gogewa za mu yi ba, duk lokacin da aka nema za a gani.

Sai maganar ita kwamfutar kanta, nan ne muka san za a ɗan ji nauyi. Masu Windows 7, gaskiya sabon ɗan aike ba zai hau kanta ba, tun 14 ga Janairu 2020 aka daina yi mata gyara. Windows 10 zai hau, amma ita ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoba 2025, don haka duk mai niyyar sayen wata kwamfutar ya nemi wadda za ta ɗauki Windows 11. Don Allah kafin ku biya kuɗin tokumbo ku turo mana hoton lambar da ke jikinta ta WhatsApp mu duba muku, saboda Windows 11 tana neman abin da ake kira TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfutar, kuma in firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta kamfanin Intel ce galibi sai daga samfuri na 8 (8th Gen) zuwa sama, da yawa daga cikin masu arahar nan da ake jibgewa a kasuwa ba su kai ba. Mun san halin da ake ciki, kuɗi ya yi wuya, ba za mu ce kowa ya je ya sayi sabuwa gobe ba. Wanda bai shirya ba ya faɗa mana tun yanzu mu san yadda za mu tsara da shi, wani lokaci ƙarin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da canza had dis zuwa SSD, ma'ajiya mai sauri, kawai ya isa a ƙara shekara ana aiki.

Wani ƙaramin abu da yake ba mu wahala fiye da yadda za ku zata shi ne agogon kwamfuta. A cikinta akwai ɗan batir zagaye kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe kwanan wata in an kashe wuta. In ya mutu, duk safiya kwamfutar za ta tashi tana ganin kamar shekarun baya take, shi kuma kullen TLS yana duba kwanan wata kafin ya yarda a yi magana, in ya ga bai daidaita ba sai ya ƙi. An taɓa kiranmu wani sito a Dawanau wai kwana huɗu babu abin da ya tafi, an canza layin data har sau biyu, an sayi sabon modem, muka je muka kalli ƙasan allo kawai muka ga kwanan watan ya koma baya da shekaru. Batir ne. Don haka in alamar ɗan aike ta koma ja, kafin a kira mu a fara kallon agogo da kwanan wata, sannan a duba ko data ce ta ƙare.

Muna kuma roƙo, kar kowa ya yi sabuntawar nan da kansa, kuma kar a kira mai gyaran kwamfuta na layi ya yi fomatin, wato ya goge komai, saboda ta yi nauyi ba tare da an sanar da mu ba. Ba raina aikinsu muke ba, da yawansu abokan arzikinmu ne, amma ba su san inda rumbun yake zaune ba. Nan ma akwai wata fahimta da muke son gyarawa: mutane da yawa na ɗauka tunda komai na zuwa kilawud to ko an goge kwamfutar babu asara. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Abin da ke layi bai tafi ba ya ɓace kenan, kuma ɗan aike duk abin da aka yi a ƙasa shi yake maimaitawa a sama, in yaro ya goge kaya bisa kuskure a shago, gogewar ma za ta bi ta hau. Saboda wannan ne a sabon tsarin muka ƙara kwafin ajiya na kowane dare wanda yake zaune daban, gogewa ba ta taɓa shi.

Masu reshe biyu ko uku, sabon ya fi tsohon iya sasanta lissafi in an yi ciniki a wurare daban-daban babu netwok. Da, wanda ya zo ƙarshe shi ke danne na farko, yanzu kowane reshe yana turo abin da ya rage ko ya ƙara ne, sai a haɗa. In an samu saɓanin da na'ura ba za ta iya rabawa ba, misali an canza farashin abu ɗaya a wuri biyu, zai ajiye muku ku zaɓa da kanku.

Game da sirrin bayananku, ɗan aike shi ke fita ya yi magana, ba ya buɗe wata ƙofa da wani zai shigo kwamfutarku daga waje. Sunaye da lambobin wayar kwastomominku, musamman ku masu kyamis da asibiti da ke riƙe bayanan marasa lafiya, amana ce a wuyanmu da wuyanku, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora mana nauyin kula da su mu duka. Don haka a ranar sabuntawa za mu sa kowane ma'aikaci ya samu kalmar sirri tasa, a daina amfani da guda ɗaya da kowa ya sani har wanda ya bar aiki bara. Kuma ku sani babu ma'aikacinmu da zai kira ku ya ce ku faɗa masa kalmar sirri ko lambar da aka turo muku a waya, duk wanda ya yi haka ba namu ba ne, ku kashe wayar ku kira layin ofis.

Abin da muke buƙata daga gare ku ranar da aka sa: a tanadi wuta da ba za ta yanke a tsakiyar aiki ba, UPS mai batir mai rai ko inbata ko a tayar da inji, da filash mai aƙalla gigabayit 16 wanda ba a ɗora waƙoƙi da finafinai a kai, da data isasshiya, da mutum ɗaya da ya san lissafin shagon ya tsaya tare da mu har mu gama ya ga jimillar kaya da ta bashi sun yi daidai da yadda suke kafin mu taɓa. Za mu fara da masu kyamis da asibitoci, sai manyan diloli, sannan sauran shaguna. Na wajen Kano, Katsina da Kaduna da Dutse da Maraɗi, za mu haɗa ku rukuni-rukuni mu zo. In ranar da muka ba ku ba ta yi muku ba ku faɗa a canza, a layin da kuka saba samunmu.

Mun gode da haƙuri da amanar da kuka ba mu. Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a kasuwa.

Naku,
Ma'aikatan sashen kula da abokan ciniki