Wanda aka ba beli, a ina zai kwana?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan mutanen da kotu ke bayar da belinsu kafin a kammala shari'arsu, waɗanda da zarar sun fito daga ƙofar gidan yari sai kowa ya ɗauka wahalarsu ta ƙare.

Akwai wani matashi tela a unguwarmu da ya yi wata bakwai a tsare bisa zargin da har yau ba a tabbatar ba. Ranar da kawunsa ya tsaya masa aka sake shi, ya tarar mai gida ya ba wani hayar ɗakinsa, an tara masa tabarma da 'yan tufafinsa a zaure, keken ɗinkinsa kuwa an sayar domin biyan lauya. Ya fito da tari mai hana barci da ƙazuwa a hannuwa. Masu kawo masa ɗinki sun watse, domin a wurin jama'a wanda ya kwana a gidan yari ɓarawo ne ko da alƙali bai ce komai ba. A zama na biyu bayan fitowarsa bai halarci kotu ba saboda ba shi da kuɗin mota, sai aka ba da sammacin kama shi, kawun nasa ya yi ta zarya yana ba da haƙuri kafin a janye.

Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifinsa, amma kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana alƙalai tsawwala sharuɗɗan beli, har ta halatta wa mace ta tsaya wa mutum. Dokar 2019 kuma, wadda ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, ta kafa sashe na musamman mai kula da waɗanda ke yin hukuncinsu a waje. Sai dai wanda aka ba beli ba a yanke masa hukunci ba, don haka hankalin wannan sashe ba ya kansa, kuma babu wani ofishi da ke tambayar inda zai kwana.

Abin da nake ba da shawara ba ya bukatar sabon gini. A ajiye jami'in jin daɗin jama'a guda ɗaya a harabar manyan kotunan majistare, wanda kafin mutum ya tafi zai tambaye shi inda zai sauka, da ciwon da yake fama da shi, da sana'ar da ya iya, sannan ya rubuta masa ranar dawowa kotu ya kuma kira shi a waya idan ta matso. Batun lafiya shi ne ya fi gaggawa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma sai an sha shi wata shida ba fashi, kuma wanda aka fara ba shi a ciki ya fito babu takardar da za ta haɗa shi da asibiti mafi kusa zai katse, cutar ta dawo ta daina jin magani, ya yaɗa wa iyalinsa. Mai fama da taɓin hankali ko shaye-shaye shi ma a haɗa shi da wuri irin asibitin Dawanau.

Game da masauki da aiki, Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da irinta a wasu jihohi za su iya biyan hayar wata uku, ƙungiyoyin teloli da kanikawa da kafintoci kuma su karɓi mutum idan mai unguwa ya shaide shi. Tun da gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali, gwamnoni ba su da hujjar cewa wannan aikin Abuja ne. Na san wasu za su ce masu gaskiya ma ba su samu ba balle wanda ake zargi, amma su tuna cewa idan aka sake kama shi, da kuɗin jama'a za a ciyar da shi kullum.

Telan nan zai koma kotu bayan Sallah, kuma har yanzu a shagon abokinsa yake kwana.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano